Layin Bakin Gaɓa

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Na je maƙabarta. Gulbi a bushe yake, farin yashi daga wannan gaɓa zuwa waccan, har mutum ya yi mamakin yadda abu mai kwanciya haka ya yi mana ɓarnar da ya yi bara. Gaɓar tana nan yadda ambaliya ta bar ta, a yanke tsaye, kuma abin da ya rage tsakaninta da layin kaburbura na farko bai taka kara ya karya ba. Uwar 'ya'yana tana cikin wannan layi. Lubabatu. Ban saba rubuta sunan ba, amma littafin nawa ne. In ruwan bana ya zo da rabin ƙarfin na bara, zai tafi da ita.

Kwamitin gari, wanda aka ɗora mini shugabancinsa tun da na ajiye aikin hedimasta, ya kammala shiri. Za mu gina ganuwar dutse a cikin gulbin, a jikin gaɓa, daga gindin kanya har tsohuwar mashaya, ta rufe fuskar maƙabarta baki ɗaya. Za a cika kwandunan waya da duwatsu, a jera, a ɗaure. Babban ɗana, wanda nake kira Magaji, ya aiko da wayar daga Gusau, wani abokinsa kuma ya sa tifa ta zubo mana duwatsu sadaka, ban da waɗanda matasa suka fasa a tudu. An sa gayya ranar Asabar. Mata sun ce su za su yi kunu.

Dole a gama kafin ruwan farko. Gulbin nan ba ya jiran a yi ruwa a nan garinmu, Tungar Giginya. In an yi shi a can wajen Anka, sai mu tashi mu same shi a ƙofa.

Na duba gabas kafin in shigo gida. Babu hadari.

Jumu'a, 9 ga Mayu, da hantsi

An tsai da aikin.

Hakimi ya aiko a kira ni. Na tarar da wata yarinya a zaure, daga ma'aikatar muhalli, sunanta Surayya, injiniya ce. Labarin gayyarmu ya kai musu ta rediyo, domin Magaji ya ga dacewar a yi sanarwa. Ta russuna ta gaishe ni yadda ya kamata, ban sami abin kushewa a ladabinta ba, ko da yake na nema.

Ta ce, "Baba, ba a gini a cikin gulbi sai da izini. Gada ce, madatsa ce, ko ganuwa irin taku, sai an zo an duba, an ji ta bakin waɗanda ke ƙetare, sannan a rubuta abin da aka yarda a yi da inda za a yi shi."

Na ce, "'Yata, a gulbin nan na koyi iyo tun ba a haifi mahaifinki ba. Ban taɓa jin an je Gusau neman izinin taɓa shi ba."

"Haka ne, Baba. Amma ruwan da ganuwarku za ta kora, ina zai nufa?"

Na san abin da ke ƙetare: rugar Arɗo Jabiru da garakensu na bakin ruwa.

Muka tafi wurin. Ta yi tafiya a yashi daga kanya har mashaya, tana ɗaga kai tana kallon gaɓa, tana rubutu. Da ta zo layin kaburbura ta cire takalminta, ta yi addu'a a tsaye daga nesa. Sannan ta fito da wata na'ura kamar tocila ta riƙa ɗora ta a kan duwatsunmu. A kan na tudu ba ta tsaya ba. A kan na tifa ta daɗe. Ta tambayi daga ina aka kwaso su, aka ce daga tsoffin ramukan zinariya na hanyar Bukkuyum. Ta ce akwai dalma a jikinsu, ba za su shiga ruwan da mutane da shanu ke sha ba. Duk wanda ya san abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Duza da Sunke ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, saboda haka babu wanda ya yi musu. Ta shafa wa tarin jan fenti.

Fiye da rabin duwatsunmu ke nan.

Na tambaye ta yaushe izinin zai fito. Ta ce za ta rubuta shi a matsayin aikin gaggawa. Na ce ba wannan na tambaya ba. Ta sunkuyar da kai.

Asabar, 10 ga Mayu, da azahar

An sha kunun. Ba a ɗaga dutse ko ɗaya ba.

Litinin, 12 ga Mayu, da yamma

Dodo ya zo. Ƙanin marigayiyar ne, abokin wasana tun yana ɗan saurayi mai kawo mini saƙonta, yanzu ga shi da furfura amma bakinsa bai tsufa ba. Ya zauna a tabarmata ba tare da an ce ya zauna ba.

"Hedimasta, ashe haka kake? Kai da ka zane rabin garin ga da bulala, ɗiya ƙarama ta tsai da kai da biro?"

Na ce doka ce, ba yarinyar ba.

"Doka tana Gusau, mu muna nan. Mi za ya hana mu yi abinmu ran Laraba? In sunka dawo sunka ishe ganuwa tsaye, su ɗauke ta da kai su kai ma gwamna."

Na ce na shekara talatin da wani abu ina hana yara tsallake katanga, ba zan tsallake ta da tsufana ba. Ya ce ai shi ya sa Yaya take cewa ko tuwo zan ci sai na nemi takardar izini. Ta faɗi haka kuwa, a gabansa, muka yi dariya a lokacin. Yau ma na yi ƙoƙarin yin dariyar.

Da zai tafi ya tsaya a bakin zaure, ya juya mini baya, ya ce, "In ruwa ya tahi da ita, Malam, ni ba ni yahe ma."

Bai taɓa kirana Malam ba sai in maganar ta fi ƙarfin wasa.

Na kasa zama. Na share zaure da kaina, na sake jera littattafan da ke jere. Na fita na duba gabas.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Na ƙetare gulbi da ƙafa zuwa wurin Arɗo Jabiru. Ƙa'ida ta ce a ji ta bakin na ƙetare, na ga gara in je da kaina da a aika masa da takarda. Yashin yana da zafi, kuma ya fi yadda na sani faɗi.

Ya shimfiɗa mini buzu a inuwar marke, matarsa Marka ta kawo nono. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta shanu da ta iyali da ta zaman da ake ciki, wanda ba mu zurfafa ba. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya daɗe yana kallon gaɓarmu daga inda muke zaune. Daga can ana ganinta sarai, kuma ta fi muni.

Ya ce, "Modibbo, bara da ruwa ya daki wancan gefe ya dawo, shi ya kwashe mana garka da bukkokin bakin ruwa. Ƙasa ya daka ke nan, mai laushi. In ya daki dutse tun daga kanya har mashaya, a nan inda kake zaune zai sauka."

Na ce matattunmu ne a can.

"Na sani. Mu ma namu suna nan bayan marken ga. Ba mu sa musu komai ba, amma suna nan."

Na sha nonon.

Marka ta yi magana daga bakin bukka, ba ta dube ni ba. Ta ce in ta kai tallan nono gari, Hajiya, wato uwar 'ya'yana, ba ta taɓa barin ta ta koma da rana tsaka ba, sai ta shigar da ita ɗaki ta huta, rana ta yi sanyi. Arɗo ya ce saboda haka ba zai ce a'a ba. Amma a yi gajera, wadda ruwa zai goga ya wuce. Ya ce haka zai faɗa wa yarinyar gwamnati in ta zo, kuma yana son in ji daga bakinsa tukuna.

Mutumin kirki ne. Da ya yi mini rashin mutunci da na fi samun barci.

Talata, 20 ga Mayu, da safe

Surayya ba ta dawo ba. Hanyar Anka yadda take kwanan nan, motocin gwamnati ba sa bi sai da rakiya, rakiyar kuma ba kullum ba. Magaji ya ce ya je ofishinsu, takardarmu tana teburin da ya kamata, ana jiran rahoton ƙetare. Rahoton ƙetare yana jiran hanya.

Matasa sun ci gaba da fasa dutse a tudu. Ina jin ƙarar gudumarsu daga nan. Na je na tsaya a kansu, na ga ina hana su aiki da yawan magana, na dawo.

Alhamis, 22 ga Mayu, da magariba

Walƙiya a gabas, can nesa. Babu iska.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Surayya ta zo jiya, ta ƙetare wurin Arɗo, ta koma. Ban fita ba. Na ce a gaya mata ba na jin daɗi, kuma ba ƙarya na yi ba.

Talata, 27 ga Mayu, bayan azahar

Izini ya fito. Surayya ta kawo shi da hannunta, aka karanta a zauren Hakimi a gaban kwamiti.

An yarda mu gina, amma da duwatsun tudu kaɗai, kuma ba za a haƙa yashin tsakiyar gulbi ba. Tsawon ganuwar ba zai wuce abin da ta auna ba, wanda a idona bai fi tsawon masallacin Jumu'armu ba. Fuskar maƙabarta ta ninka haka sau da yawa. An bar wa kwamiti ya zaɓi inda za a kafa ta tsakanin kanya da mashaya. Sauran gaɓar a dasa mata ciyawar jema, saiwarta ta riƙe ƙasa, abin da sai an shekara biyu ko uku a ga amfaninsa. A ƙarshe an rubuta cewa a nemi shawarar malamai game da kaburburan da ke bakin gaɓa. Na gane abin da ake nufi. Na ce a wuce wannan.

Kowa a zauren nan yana da nasa a layin: uba, ko ɗa, ko mata. Na buɗe baki zan ce a yi ƙuri'a, sai Liman ya riga ni.

Ya ce, "Jama'a, wanga aiki Malam ya ɗauko shi, shi ya sha rana a kai. Ni dai shawarata a kafa ta inda Hajiya take. Wanda Allah ya sa yana kusa da ita ya samu."

Suka ce sun yarda, kowa da kowa, har waɗanda na san nasu suna can ƙarshen mashaya. Na ce bai dace ba. Suka ce an gama. Na yi musun da ya kamata mai kunya ya yi, amma ban tsananta ba, kuma Allah ya san abin da zuciyata ta yi a lokacin.

Gobe da safe zan je in nuna wurin, a kafa turaku. Magaji ya iso don haka.

Laraba, 28 ga Mayu, da hantsi

Na dawo. Zan rubuta yadda aka yi a jere, ko hankalina ya bi jerin.

Mun je mu huɗu: ni, da Magaji riƙe da turaku, da Dodo, da Surayya wadda ta tsaya can cikin yashi da igiyar awo. Na wuce gaba zuwa inda nake tsayawa kowace safiyar Jumu'a tun da aka binne ta, kudu da kututturen aduwa. Na ce a kafa a nan.

Dodo ya ce, "Ina za ka, Hedimasta? Ba nan ba na."

Na ɗauka wasa ne. Ya wuce ni, ya yi ta tafiya arewa, har na fara jin haushi, sannan ya tsaya ya nuna ƙasa. "Nan take. Nan nika zuwa duk Alhamis da marece."

Na ce ya ruɗe. Ranar da aka sa ta, aduwa tana kusa da ni, har na dafa ta da jiri ya ɗebe ni.

"Aduwa biyu ta a lokacin. Ɗaya anka sare anka yi itacen rufi, ɗaya ruwa ya ci bara. Wace ka dahwa?"

"Wannan."

"Wagga kututturen wadda anka sare na. Ni na shiga ramin, ni na karɓe ta da hannuna, ina ganin inuwar ɗayar bisa kaina."

"Wanda ke cikin rami ba ya ganin inda ramin yake."

"Wanda jiri ya ɗiba shi ka gani?"

Muka juya ga Magaji. Ya ce shi a ranar yana hanya daga Kaduna, ya iso an riga an rufe, mutane sun cika wurin, bai riƙe komai ba. In ya zo gida, inda na tsaya nan yake tsayawa.

Muka duba ƙasa. Mu ba ma rubuta suna a kan kabari, ba ma ɗora siminti. Tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya da reshen ƙaya, shekaru su kwantar da tudun, ambaliyar bara kuma ta share tukwanen ta bar laka shimfiɗe. Layin duka ɗaya ne daga kanya har mashaya. Wanda ya haƙa kabarin, shi ma yana cikin maƙabartar.

Shekara shida ni da Dodo muna zuwa, ba mu taɓa zuwa tare ba. Kowannenmu ba ya son ɗayan ya ga fuskarsa a wurin.

Surayya ta ja igiyarta, mai tsawon ganuwar da aka yarda mana, daga wurina zuwa wurinsa, ba wanda ya sa ta. Igiyar ta ƙare ba ta kai ba. Ta naɗe ta a hankali.

Ba a kafa turke ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, da la'asar

Ina da tabbaci. Na rufe ido na ga ranar: aduwa, da mutane, da gulbi a bayansu. Na sake rufewa na ga aduwar a ɗaya gefen.

Dodo bai zo ba. An ce an gan shi ya nufi maƙabarta, ya tsaya a hanya, ya koma.

Jumu'a, 30 ga Mayu, bayan sallar Jumu'a

Ban je maƙabarta da safe ba. Karo na farko.

Mardiyya ta kira daga gidan mijinta a Gummi. Ita ce ƙaramarmu, ita ta yi jinyar uwarta. Mata ba sa bin gawa a nan, ba ta taɓa ganin wurin ba, abin da na gaya mata shi ta sani.

"Baba, an ce izini ya fito. An ce daidai wurin Inna za a yi."

Na ce haka kwamiti ya ce.

"Alhamdu lillahi. To an fara?"

Na ce ana shiri. Na tambaye ta yara. Ta ce muryata ba daidai take ba, na ce zafi ne.

Bayan salla na tsaya da Liman a rumfar masallaci, na gaya masa abin da ya faru, ban rage ba. Bai yi mamaki ba. Ya ce ba ni ne na farko ba, shi kansa ba zai rantse a kan na mahaifinsa ba, kuma addu'a ba ta ɓata hanya don mai yin ta ya tsaya a wani wuri. Na ce ba addu'a ce ta dame ni ba, ruwa ne.

Sai ya koma kan abin da na ce a wuce ranar Talata. Ya ce malamai sun halatta a ɗauke mamaci daga inda ake tsoron ruwa zai ci shi, in an yi da mutunci, dattawa kaɗan, a sabon likkafani, ba tare da an karya komai ba. Na ce ban taɓa tunanin zan bari a buɗe ta ba. Ya ce, "Malam, gulbi ba shi neman yardarka in za shi buɗewa."

Na bar shi ba sallama mai kyau. Zan nemi afuwarsa.

An ce an yi ruwa a bayan Anka daren jiya, amma ƙasa ta shanye shi, bai iso mana ba.

Lahadi, 1 ga Yuni, da safe

Surayya tana masaukin Hakimi, tana jiran turakunmu, domin sai ta ga inda aka kafa za ta koma. Na aika ta same ni a gindin kanya. Na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun farko: in ita ce, ina za ta sa?

Ta ce takarda ta bar wa kwamiti. Na ce na karanta takardar, ita nake tambaya.

Ta nuna ƙarƙashin ƙafafunmu. Ta ce a nan gulbi yake lanƙwasa, a nan ruwa yake fara dukan gaɓa, daga nan yake samun hanyar cin sauran. In an tare shi a nan, cikin maƙabarta zai tsira in Allah ya so, kuma abin da zai koma wa su Arɗo kaɗan ne.

"Layin baki fa?"

"Ba zan yi maka alkawari ba, Baba."

"In an sa a wurina?"

"Wurin zai tsaya bana. Amma ruwa zai shigo ta nan ya zagaya ta bayan ganuwar, ya ci na ciki."

"In an sa a wurin Dodo?"

"Haka."

Kanya tana sama da wurina, tana sama da wurin Dodo. Ba ta kare ko ɗaya.

Na tsaya ina kallon kaburburan ciki, waɗanda ban taɓa ƙirgawa cikin damuwata ba. Iyayen mutanen da suka ce a bar mini. Na karɓi turke daga hannun Magaji na kafa a gindin kanya. Hannuna bai yi ƙarfin da zai shigar da shi ba, Magaji ya ƙarasa.

Daga nan na wuce gidan Liman, na nemi afuwa, na ce a yi abin da ya faɗa, amma ba ita kaɗai ba, tunda ba mu san wace ce ita ba. Layin gaba ɗaya, in masu shi sun yarda. Ya ce zai bi su gida gida.

Sannan na je gidan Dodo. Yana gyaran garma a ƙofar gida. Na gaya masa. Ya ajiye garmar.

"Wa za ya riƙe makara?"

Na ce ni da shi.

"Kai da ba ka iya ɗaukar buta cike."

Na ce sai ya riƙe gefen mai nauyi.

Talata, 3 ga Yuni, da magariba

Gayya ta fara a kanya tun jiya. Mutanen Arɗo sun ƙetaro da jakuna sun taya jigilar dutse, ba a gayyace su ba. Na ji ƙarar aikin daga inda muke, ban je ba. Mu muna layin baki.

Laraba, 4 ga Yuni, bayan isha'i kaɗan

An gama ɗauke na layin baki, kwana biyu cur. Hakimi ya ba da fili a tudu, bayan filin idi, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba. Dattawa ne kawai da masu haƙa, aka kewaye wurin da zana. Abin da muka gani ba na rubutawa ba ne, kuma babu abin da ya bambanta wani da wani.

Daga gaɓa zuwa tudu akwai 'yar tafiya. Duk wanda aka naɗe aka ɗora a makara, ni ina gaba Dodo yana baya. Ba su da nauyi. Matasa sun so su karɓe mu tun a na uku, Liman ya hana su da hannu. Ba mu san a wace tafiya muka ɗauke ta ba, saboda haka ba mu bar wa kowa ko ɗaya ba. A kowace tafiya na rage sauri a wurin da hanya take da duwatsu, domin ba ta son girgiza tun ciwon bayanta.

Da aka kai wurina, na jira in ji wani abu. Da aka kai wurin Dodo, na ga shi ma yana jira. Ba mu dubi juna ba.

Bayan an rufe na ƙarshe Liman ya yi addu'a, mutane suka watse. Muka rage mu biyu a gaban sabon layin.

Ya ce, "To, Hedimasta, yanzu ina za mu tsaya?"

Na ce ban sani ba.

"Yau dai ka hwaɗi gaskiya."

Muka tsaya a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa. Ya ga fuskata, na ga tasa.

Kafaɗuna suna ciwo. Na kira Mardiyya na gaya mata komai, har da abin da ban sani ba. Ta yi kuka, sannan ta tambaya ko ni na ɗauke ta. Na ce ni ne, da kawunta. Wannan kam na tabbata.

Litinin, 9 ga Yuni, da asuba

Ruwan farko ya iso, ja, da kumfa. Ganuwa ta tsaya.

Alhamis, 31 ga Yuli, da la'asar

Gulbi ya cika tun shekaranjiya. Ya daki ganuwa ya goga ya wuce, rugar Arɗo tana nan, cikin maƙabarta bai taɓu ba. Jiya da hantsi gaɓa ta zube a inda nake tsayawa. Kafin la'asar ta zube a inda Dodo yake tsayawa.

Ya aiko a gaya mini cewa nasa ya fi nawa daɗewa. Na aika a ce masa gobe Jumu'a, in ya ga dama ya biyo mini da safe, mu hau tudu.